Kafin a Ƙirga Dami, a Tambayi Gonar

A watan Agusta na 2004 jaridar New York Times ta buga wani labari a shafinta na farko da ya tayar da ƙura a fagen ilimi a Amurka. Ƙungiyar malamai ta AFT ce ta tono alƙaluman jarrabawar ƙasa ta 2003, wadda ake kira NAEP, ta nuna cewa 'yan aji huɗu na makarantun yarjejeniya suna bayan takwarorinsu na makarantun gunduma a karatu da lissafi. Bayan 'yan kwanaki wani gungun masana ya mayar da martani a shafi guda na talla a jaridar, yana cewa makin shekara ɗaya ba ya nuna abin da makaranta ta koyar, tunda ba a san matsayin da yaran suke ba ranar da suka shigo. Gaskiya suka faɗa. Sai dai wannan gaskiya, duk ɓangaren da alƙaluma suka juya wa baya shi ke tunawa da ita, wanda suka yi wa daɗi kuwa sai ya ɗaga takarda sama ya ce gani ya kori ji. Sama da shekara ashirin ke nan ana wannan ja-in-ja, kuma a cikinsu an tara bincike mai inganci da ya isa mutum ya tsaya a kan magana ɗaya. Inda na tsaya shi ne, tambayar da aka fi yi, wato wane nau'in makaranta ne ya fi, ba ta da amsar da za ta amfani uwa ko ɗan majalisa. Jarrabawa tana iya faɗin abubuwa da yawa a kan wannan makaranta ko waccan, da kuma jihar da ke sa musu ido, amma yi wa dubban makarantu kuɗin goro saboda suna ɗaya da ke rubuce a allon ƙofarsu ɓata alƙaluman ne kawai.

Makarantar yarjejeniya, wadda Amurkawa ke kira cata, ta gwamnati ce ta fuskar kuɗi. Da harajin jama'a ake tafiyar da ita, iyaye ba sa biyan ko sisi, kuma ɗalibanta suna zana jarrabawar jiha ɗaya da kowa. Inda ta sha bamban shi ne ba hukumar ilimi ta gunduma ke riƙe da ita ba. Wata ƙungiya ce, ko gungun malamai, ke karɓar lasisi na 'yan shekaru, galibi biyar, a wasu jihohin ma ta ɗauko kamfani ya tafiyar mata. Ana sakar mata mara wajen ɗaukar malamai da sallamarsu, da tsawon ranar karatu, da tsarin koyarwa, bisa sharaɗin in ba ta tsinana abin kirki ba a ƙwace lasisin. Cikin waɗanda suka fara yayata ra'ayin har da Albert Shanker, shugaban ita wannan AFT ɗin, a 1988. Shi ya ɗauke su ne a matsayin wurin gwaji, inda malamai za su jarraba dabaru, wadda ta yi kyau a kai ta sauran makarantu. Jihar Minnesota ta yi dokar farko a 1991, makarantar farko ta buɗe a birnin St. Paul a 1992, zuwa 2021 kuma yara kusan miliyan 3.7 ke cikin irinsu, wajen kashi 7 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati. Dokar ilimi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a Janairun 2002 ta wajabta wa kowace jiha jarraba yara duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas a karatu da lissafi, daga nan aka samu tulin makin da ake ta kwatantawa.

Duk manomi ya san yawan dami ba ya nuna ƙwazon mai gona sai an san irin ƙasar. Wanda ya ɗaure dami hamsin a gona mai taki da laima, da wanda ya ɗaure talatin a faƙo, ba lallai na farkon ya fi noma ba. Haka ɗanyen maki yake. Abin da yaro ya samu a jarrabawar bazara yana ɗauke da aikin malaminsa na bana, yana kuma ɗauke da samun iyayensa, da zurfin karatun uwarsa, da harshen da ake yi a gida, da makarantun da ya ratsa tun yana ɗan shekara biyar. Mai karatu a Najeriya ya san hoton: in sakamakon WAEC ya fito, makarantun kuɗi kan rataya ƙyalle a bakin ƙofa ɗauke da yawan kiredit, ba mai tambayar yara nawa aka tace tun a jarrabawar shiga. A Amurka lamarin ya fi haka sarƙewa, domin karkatar tana iya zuwa ta kowane gefe. Makarantun yarjejeniya sun fi yawa a unguwannin talakawa na cikin birni, ɗalibansu kuma da dama baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka, saboda haka in aka gwada su da matsakaicin makin jiha za a zalunce su. Amma a cikin unguwar talakawan ma ba kowa ke shiga ba. Sai yaron da uwarsa ta ji labarin makarantar, ta cika fom kafin wa'adi ya cika, ta kuma san yadda za ta kai shi da sassafe kafin ta wuce aiki. In aka gwada wannan yaro da maƙwabcinsa da ba a nema masa ba, makarantar za ta ci ladan aikin da uwa ta yi.

Ƙoƙari mafi girma na gyara wannan shi ne na cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Margaret Raymond. Dabararsu ita ce su nemo wa kowane ɗalibin makarantar yarjejeniya abokin tagwaitaka a takarda. Sukan duba makarantun gunduma da makarantar ke samo ɗalibai daga cikinsu, su zaɓo yaran da suka yi daidai da shi a aji, jinsi, launin fata, cancantar cin abinci kyauta, ƙwarewa a Turanci, da kuma makin da ya samu bara. Daga nan sai a ga wane ne ya fi ci gaba cikin shekara. Rahotonsu na farko a 2009 ya faɗi magana mai ɗaci: a lissafi, kashi 17 cikin 100 na makarantun yarjejeniya ne kawai suka fi na gunduma, kashi 37 sun gaza su, sauran kusan rabi ba bambanci. A 2013 abin ya daidaita, har da ɗan rinjaye a karatu, kuma cibiyar ta danganta wani ɓangare na ci gaban da rufe makarantun da suka fi lalacewa. A 2023 rinjayen ya koma hannun makarantun yarjejeniya a darussan biyu, da abin da suka ƙiyasta da ƙarin kwana 16 na koyo a karatu da kwana 6 a lissafi, cikin shekarar karatu mai kwana 180. Magoya baya sun yi ta murna, kuma hanyar da aka biyo daga 2009 ta cancanci a yaba.

Amma a tsaya a dubi girman abin. Waɗannan kwanaki ba ƙirga su aka yi a kalanda ba, fassara ce da aka yi wa ɗan ƙaramin bambanci na maki domin jama'a su fahimta. In aka jera yara ɗari bisa makinsu, ƙarin kwana 16 yana nufin wanda yake na 50 ya matsa ya zama kusan na 49. Kwana 6 kuwa ko wuri ɗaya bai kai ba. Ba a gina siyasar ilimi ta ƙasa a kan wannan, kamar yadda bai kamata a gina ta a kan ɗan gibin da aka gani a 2004 ba. Abin da ya fi ɗaukar hankali yana ƙarƙashin matsakaicin. Ita CREDO ɗin a 2015 ta fitar da rahotanni biyu. Ɗaya ya duba yankunan birane 41, ya samu ƙarin kwana 40 a lissafi da 28 a karatu, Boston da Newark suna can gaba nesa da sauran. Ɗayan ya duba makarantun yarjejeniya na intanet, inda yaro ke zaune gida gaban kwamfuta, ya samu asarar kwana 180 a lissafi da 72 a karatu. Asarar kwana 180 cikin shekara mai kwana 180 tamkar yaron bai taɓa littafin lissafi ba ne duk shekarar. Ko a rahoton 2023 da ake alfahari da shi, makarantun intanet suna da gibin kwana 124 a lissafi, kuma makaranta ɗaya cikin huɗu ta gaza ta gunduma a wannan darasi. Wanda ya haɗa Boston da makarantar intanet ya raba biyu, zai fito da lambar da ba ta yi kama da ko ɗayansu ba.

Yana da kyau a ga ɗaya daga cikin waɗannan makarantu kusa da kusa. ECOT ta jihar Ohio ta buɗe a 2000, ta girma har ta zama cikin manyan makarantun intanet na ƙasar, tana karɓar kuɗin jiha bisa kan kowane ɗalibi da ta ce tana da shi. A 2016 jami'an ilimi na jihar suka nemi ganin hujjar lokacin da yaran ke shafewa a kan karatu, ba sunayen da ke rijista kaɗai ba. Makarantar ta kasa kare kusan kashi 60 cikin 100 na adadin da aka biya ta dominsa, aka umarce ta ta mayar da kimanin dala miliyan 60 na shekara ɗaya tak. A Janairun 2018, tsakiyar zangon karatu, ta rufe, yara kusan 12,000 suka shiga neman inda za su. Makinta ya daɗe a ƙasa, kowa yana gani, amma ta yi shekara goma sha bakwai tana aiki. A dokance sunanta ɗaya da makarantun Boston.

Dabarar tagwaye tana da rauninta, kuma masu suka sun nuna shi tun da wuri. Takarda tana iya nuna cewa yara biyu talakawa ne, amma ba ta nuna wace uwa ce ke duba jakar ɗanta da dare. Nan ne doka ta ba masu bincike wata dama da ba su nema ba. In masu neman gurbi suka fi kujeru yawa, makarantar yarjejeniya ba ta da ikon zaɓa, dole ta jefa ƙuri'a. A wasu birane a bainar jama'a ake yi. Zaure ya cika da iyaye da yara cikin kayan fita, kowace uwa riƙe da takarda mai lamba, ana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, wannan gefe a yi guɗa, wancan a sunkuyar da kai a ja hannun yaro a fita. Abin tausayi ne a gani, amma ga mai bincike ma'auni ne da ba na biyunsa. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa da wanda ta tsallake duk iyayensu sun nema, duk sun cika fom, duk sun zo zauren. Ba abin da ya raba su sai sa'a. Saboda haka duk bambancin da ya bayyana a makinsu bayan shekara ɗaya ko uku, daga makarantar ya fito.

Joshua Angrist na MIT, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2021 saboda irin waɗannan hanyoyi na awo, shi da Parag Pathak da abokan aikinsu sun bi ƙuri'un Boston. Abin da suka samu babba ne ƙwarai. A ƙaramar sakandare, shekara ɗaya a makarantar yarjejeniya tana ɗaga yaron da ke tsakiyar sahu a lissafi ya tsallake sama da mutum goma cikin ɗari, a karatu ma akwai ci gaba ko da yake bai kai haka ba, kuma waɗanda suka shigo da rauni su suka fi amfana. Da wuya a samu wani shiri na ilimi da aka auna da irin wannan tsanani ya ba da haka. Amma su waɗannan masu binciken da suka fita wajen birane a cikin jihar Massachusetts ɗin, da ma'auni ɗaya, sai suka ga babu riba, a wasu wuraren ma hasara ce. Binciken da kamfanin Mathematica ya yi wa ma'aikatar ilimi ta tarayya a 2010, kan makarantu 36 a jihohi 15, ya zo da irin wannan: a dunƙule ba bambanci, amma makarantun da ke cike da 'ya'yan talakawa sun ɗaga lissafi, waɗanda ke ɗauke da 'ya'yan masu hali sun rage shi. Dalili ɗaya a fili yake. Kwatanci yana da ƙafa biyu, kuma amsar ta dogara da inda yaron zai je in bai ci ƙuri'a ba. A unguwar masu hali, makarantar gunduma da zai koma mai kyau ce, wuce ta ba wasa ba ne.

Suka ta farko da ake yi wa wannan hujja tana da ƙarfi. Makarantar da jama'a ke rububi ita kaɗai ke jefa ƙuri'a, wadda kujerunta ke zaune babu kowa ba ta shiga lissafin, saboda haka ƙuri'a tana auna zakarun ne kawai. Haka ne, kuma shi ya sa ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon Boston a shafa wa ƙasa baki ɗaya. Akwai kuma ƙarin cewa wataƙila tsarin yana aiki ne kawai ga 'ya'yan iyayen da suka nema. An gwada wannan. A New Orleans, inda aka mayar da kusan dukkan makarantu hannun masu lasisi bayan guguwar Katrina ta 2005, da kuma a Boston, an samu makarantun gunduma da suka durƙushe aka miƙa su ga masu tafiyar da makarantun yarjejeniya da yaran da ke cikinsu, yaran da ba wanda ya cika musu fom. Angrist da abokansa sun bi su, suka ga ci gabansu ya kai na masu ƙuri'a. Haka nan bayan dokar 2010 ta bar makarantun Boston da suka nuna ƙwazo su buɗe rassa, Sarah Cohodes da abokan aikinta sun samu cewa rassan sun yi daidai da iyayensu. Sukar ta taƙaita faɗin hujjar, amma ba ta rushe ta ba.

Suka ta biyu ita ce waɗannan makarantu suna kyautata makinsu ne ta hanyar tankaɗe yaran da ke ba su wahala. Ba ƙage ba ne. A 2015 New York Times ta bankaɗo cewa shugaban wata makaranta ta rukunin Success Academy a Brooklyn ya rubuta sunayen yara 16 da yake so su bar makarantar. Rukunin ya ce kuskuren mutum ɗaya ne, shi kuma ya nemi afuwa. Rukunin ya kuma shafe shekaru ba ya cike gurbin wanda ya fita bayan aji huɗu, ga shi makarantar gunduma dole ta karɓi duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko da a tsakiyar zango ne, ko da bai iya Turanci ba. Ofishin binciken gwamnati na GAO ya nuna a 2012 cewa masu buƙata ta musamman kashi 8 ne cikin 100 a makarantun yarjejeniya, 11 a na gunduma. Duk wannan yana ƙara nuna cewa ɗanyen makin ajin ƙarshe ba abin dogaro ba ne. Amma binciken ƙuri'a ya toshe wannan ƙofa, domin yana bin duk wanda ya ci ƙuri'a har inda ya je, ko ya zauna ko an kore shi, makinsa yana nan a lissafin makarantar. In da tankaɗe ne sirrin Boston, da ribar ta narke a wannan awo, kuma ba ta narke ba. Wannan bai wanke mai korar yara ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, makarantar da ta karɓi kuɗin jama'a wajibi ne ta ɗauki yaran jama'a da sauƙinsu da wuyarsu, kuma ya kamata a buga yawan waɗanda ta dakatar da waɗanda suka fice kusa da makinta.

Suka ta uku ta fi zurfi, domin ita jarrabawar kanta take tuhuma. In aka rataya rayuwar makaranta da albashin malami a kan lamba ɗaya, za a bauta wa lambar. An ga ƙarshen haka a Atlanta, a makarantun gunduma, inda binciken jiha na 2011 ya ambaci malamai da shugabannin makarantu 178 a makarantu 44 da hannu a maguɗi, wasu suna taruwa bayan an tashi su goge amsoshin yara su cike daidai. A 2015 kotu ta kama 11 da laifi. Ko babu maguɗi, ana iya horar da yaro kan salon tambayoyin jiha har ya ƙware ba tare da ya san lissafi ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a duba abin da makarantar ba ta horar a kansa ba. A Boston, waɗanda suka ci ƙuri'a sun fi samun maki a SAT, jarrabawar shiga jami'a da ba ta shafi lasisin makarantar ba, kuma sun fi shiga jami'o'i masu shekara huɗu maimakon kwalejoji masu shekara biyu. A Teksas kuwa Will Dobbie da Roland Fryer sun bi ɗalibai har suka fara aiki. Makarantu masu tsauraran ƙa'idoji sun ɗaga maki da shiga jami'a, amma abin da suka ƙara a albashi bai taka kara ya karya ba, makarantun da suka rage maki kuma sun rage albashin ma. Abin da nake karantawa a nan shi ne jarrabawa ta fi iya nuna makarantar da ke cutarwa fiye da tabbatar da wadda za ta canza rayuwa. Wannan kaɗai ya isa a riƙe ta, kuma ya isa a hana ta zama alƙali ita kaɗai.

Akwai abin da makin ɗaliban yarjejeniya ba zai taɓa nunawa ba, wato halin waɗanda aka bari a baya. Kuɗi yana bin yaro ne, amma in yara uku suka fita daga kowane aji, gunduma ba ta iya rage kashi ɗaya na malami ko ta kashe wutar rabin gini, ga fanshon tsofaffin ma'aikata yana nan. Yawancin binciken da aka yi bai samu cewa makin yaran gunduma yana faɗuwa ba in aka buɗe makarantar yarjejeniya kusa da su, a Niyok ma Sarah Cordes ta samu ɗan ƙari. Amma matsin kasafin kuɗi gaskiya ne, kuma jama'a suna jin sa a jikinsu. A Nuwamban 2016 aka tambayi masu zaɓe na Massachusetts ko a bari a riƙa ƙara makarantun yarjejeniya har 12 a shekara. Kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a'a, har da mutanen Boston, birnin da hujjar ta fi ƙarfi a duk ƙasar. A ganina sun rufe wa dubban yaran da ke jerin jira wata ƙofa mai kyau, amma ba jahilci ya sa su ba. Tambayar kuɗi suka amsa, an kuma yi ta ba su amsar jarrabawa.

Me ya raba Massachusetts da Ohio tun farko? A Massachusetts hukumar ilimi ta jiha ce kaɗai ke ba da lasisi, tana da tsanani wajen tantance masu nema, tana sake duba kowace makaranta duk shekara biyar, kuma ta sha rufe waɗanda suka gaza. A Ohio, kafin gyaran dokar 2015, masu ba da lasisi suna da yawa, suna kuma samun wani kaso daga kuɗin makarantun da suke sa wa ido, saboda haka rufe makaranta rage wa kai samu ne. Yarjejeniyar asali tana da ɓangare biyu, 'yanci da hisabi. Inda aka riƙe duka biyun maki ya tashi, inda aka ba da na farko aka manta na biyu an samu ECOT. Ke nan alƙaluman da ake cewa suna auna nau'in makaranta, galibi dokar jiha suke aunawa, da ƙarfin halin hukumar da za ta iya duban iyaye masu son makarantarsu ta ce an rufe.

Sauran abin da ya rage shi ne me makarantun da suka yi nasara ke yi a cikin aji. Dobbie da Fryer sun shiga makarantun yarjejeniya 39 na Niyok, suka tattara bayanai har da bidiyon darussa. Abubuwan da aka saba kafa hujja da su, kamar ƙanƙantar aji, yawan kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi da manyan takardun malamai, ba su bambance mai kyau da maras kyau ba. Abin da ya bambance su shi ne yawan shiga aji a kalli malami a gaya masa inda zai gyara, da amfani da sakamakon gwaje-gwaje wajen sauya koyarwa, da ware yara 'yan kaɗan a zaunar da su da mai koyarwa kusan kullum, da ƙarin sa'o'in karatu, da ƙin yarda cewa ɗan talaka ba zai iya ba. Waɗannan sun bayyana kusan rabin bambancin da ke tsakanin makarantun, kuma ba ko ɗaya cikinsu da ya zama mallakar masu lasisi.

Fryer ya ɗauki wannan ya kai Houston, ya yi abin da Shanker ya yi fata tun 1988. Daga 2010 gundumar ta ba shi makarantunta 20 da ke cikin mafiya rauni. Ba a canza musu suna ba, ba a fitar da su daga hannun gunduma ba. An sauya kusan dukkan shugabanninsu da kusan rabin malamai, wanda ba ƙaramar rigima ba ce, an tsawaita lokacin karatu a makarantun sakandare, aka kuma ɗauko ɗaruruwan masu koyarwa, kowanne ya zauna da yara biyu 'yan aji shida ko aji tara su yi lissafi kowace rana. Makin lissafi ya tashi sosai, ya doshi abin da aka gani a makarantun yarjejeniya masu kyau. Karatu kuwa da ƙyar ya motsa, kuma wannan ma ya yi daidai da abin da ƙuri'un Niyok da Boston suka sha nunawa, cewa makaranta ta fi saurin ɗaga lissafi, wataƙila domin lissafi a aji ake koyon yawancinsa, karatu kuwa saiwarsa tana can cikin gida da harshen da yaro ya buɗe baki da shi.